Daga Dawanau zuwa Ogere da Tan 30 a Baya

Mun ɗaure lodi a kasuwar Dawanau bayan la'asar: buhun masara 300, tan 30 ke nan, za mu kai Legas, tafiyar sama da kilomita 1,000. Ban tashi ba sai da na sallaci asuba. Lodi ya cinye mana yini guda a tsaye, kuma direban da ya hau titi da wannan gajiyar ba ya wuce Zariya idonsa bai fara yaji ba.

Kafin tashi yaron mota ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe yana bugawa, ya tsiyaye ruwan da ya taru a tankunan iska. Ni kuma na jira allurar iska ta kai 8 kafin na saki birki. Birkin tirela da iska yake aiki, in iska ta yi ƙasa, takawa kawai kake yi.

Kwanar Dangora, Zariya, Mararrabar Jos, duk lafiya. A Tafa muka ci abinci. Nan wani matashin direban tanka ya zauna kusa da ni, idanunsa jajur, ya kora ƙwayar tiramol da shayi mai kauri. Na ce masa, “Ɗan'uwa, yaushe rabonka da barci?” Ya ce, “Baba, kwana biyu ke nan, mai kaya ya hana ni sakat da waya.” Ƙwaya ba ta biyan bashin barci. Ido dai a buɗe, amma ƙwaƙwalwa tana ɗaukewa na daƙiƙa uku ko huɗu ba ka sani ba. A gudun kilomita 60, wanda shi ne iyakar da hukumar kiyaye haɗura ta yanka wa tirela da tanka a titin ekspres, mota tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku, mita 50 ke nan babu kowa a kan sitiyari.

A mahaɗar Dikko muka karkata. Nan tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a watan Janairun 2025, mutum sama da 80 suka rasu. Daga Lambata zuwa Lapai, Agaie har Bida, titin falle ɗaya ne, ga ramuka. Tsakanin Lapai da Agaie ne a Satumbar 2024 wata tanka ta yi taho-mu-gama da motar shanu da mutane a samanta, sama da 40 suka ƙone. Allah Ya jiƙansu. Abin da ke kashe mutane a nan kauce wa rami ne: ka bar hannunka ka shiga na wani, shi ma na gaban ya baro nasa. Awannin da hanyar ta cinye kuma, da dare direba yake son ramawa.

A Bida muka kwana. Ƙarfe biyu zuwa biyar na dare ba lokacin tuƙi ba ne. Alamomin barci ba sa ɓuya: hamma a jere, ka wuce gari ba ka tuna ka gan shi ba, taya ta fara taɓa gefen kwalta. Goro da wanke fuska ba sa kai ka ko'ina. A samu fili a sauka daga titi gaba ɗaya, a sa waigi. Ganyen da ake zubawa a bayan motar da ta tsaya kan kwalta, mai zuwa a guje cikin duhu ba ya ganinsa sai ya iso.

Bayan Mokwa muka haye gadar Jebba, hanya ta fara hawa da sauka. A wata gangara wata tirela ta wuce mu shiru, ba ƙarar inji: ya sake ta a firi don ya rage shan gas. Wannan ɗabi'a tana ƙona min rai. Inji ba ya riƙe motar, injin iska yana juyawa a hankali, kowane taki yana rage iska, gangunan birki suna zafi har su daina kamawa. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita ake sauka, kuma tun a sama ake sa ta.

Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Mun isa Ogere, zangon tireloli kafin a shiga Legas, daren kwana na uku, yaron mota ya taɓa gangunan da bayan hannu, da ɗumi kawai. Na kira mai kaya na ce masa sai da safe.