Inda na kai da sabar ajiyar shagon Yaya

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Sabar ajiyar da nake haɗa wa shagon buga takardun yayana a nan Kano, wato kwamfuta guda da za ta riƙe fayilolin kowa, ta tashi, kwamfutoci huɗun da ke shagon duk suna ganinta, kuma an fara rage yawo da filashi daga tebur zuwa tebur. Ga waɗanda ba su san irin aikin ba: katin biki ne, da kalanda, da fostoci, da hotunan da kwastoma zai dawo nema bayan shekara guda yana cewa a sake buga masa irin na bara. Da can fayilolin CorelDRAW a warwatse suke, kowane yaro da nasa a kwamfutarsa, filashi kuma ba ya shiga ya fita ba tare da ya kwaso bairos ba.

Ban sayi akwatin da aka riga aka haɗa irin na Synology ba, kuɗinsa ya fi ƙarfin shagon. Tsohuwar kwamfutar tebur na samu, mai Core i5, na ƙara mata RAM zuwa 16GB. TrueNAS, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar ajiya, na ɗora mata a kan ƙaramin SSD na daban. Masu manhajar sun ce 8GB ne mafi ƙaranci, amma tsarin adana fayiloli na ZFS da take aiki da shi yana amfani da duk RAM ɗin da ya samu wajen saurin buɗe fayil, don haka ƙarin bai tafi a banza ba. Ɗora manhajar ba wani abu ba ne, kafin shayi ya huce an gama.

Wurin faifan ajiya ne ya kamata mutum ya nutsu. Guda biyu na saya, kowanne 4TB. Ku duba ko faifan CMR ne ko SMR kafin ku biya. Na CMR kowane layin rubutu da wurinsa, na SMR kuwa yana jera su wani a kan gefen wani, shi ya sa idan aka matsa masa da rubutu mai yawa sai ya yi sanyi ƙwarai, kuma ranar da kake sake gina bayanai bayan ɗaya ya mutu, ranar zai nuna maka halinsa. A 2020 aka gano wasu faifan WD Red masu 2TB zuwa 6TB na SMR ne ba a faɗa wa masu saye ba, daga baya kamfanin ya ware na CMR ya sa musu suna Red Plus. Mai shago a kasuwa ba lalle ya san wannan ba, lambar samfurin da ke jikin faifan za ku bincika da kanku. Kafin in zuba komai na bar kowanne ya yi dogon gwajin lafiyar faifai da ake kira SMART, wanda ke cin sa'o'i da dama.

Na haɗa su a matsayin madubi, abin da ake kira RAID 1: duk abin da aka rubuta a ɗaya, an rubuta a ɗayan. Yaya da ya ga 3.5TB da 'yan kai a allo sai ya ce, "Kai, ba takwas muka biya ba?" Na ce masa rabi ya tafi a madubi, ragowar giɓin kuma bambancin lissafi ne, kamfani yana ƙirga da 1000, kwamfuta da 1024, shi ya sa 4TB ke fitowa 3.6. Bai gamsu sosai ba, amma ya bar maganar.

Abin da na fi so mu fahimta shi ne madubin nan ba ajiya ta biyu ba ce. Kamar magatakarda biyu ne suna rubuta abu ɗaya a lokaci ɗaya: idan ɗaya ya kwanta ciwo aiki bai tsaya ba, amma idan aka ce a yage shafi, su biyun za su yage. Yaro ya goge folda bisa kuskure, ta tafi a duka biyun. Bairos mai kulle fayiloli ya shigo, ya kulle duka biyun. Maganin wannan a ZFS shi ne hoton halin da fayiloli ke ciki, wanda take ɗauka a lokacin da ka tsara mata. Na sa ta ɗauka duk awa a lokacin aiki, ta riƙe na mako biyu. Ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka canza. Na goge wani katin biki da gangan a gaban yaran, na danna dama a kan foldar a Windows, na shiga Previous Versions, na dawo da na ƙarfe goma na safe. Wannan gwajin ne ya sa suka yarda su daina ɓoye kwafi a kwamfutocinsu.

Kowa na buɗe masa asusunsa da kalmar sirrinsa. Foldar aiki kowa na rubutu a ciki, ta ayyukan da aka gama karatu kawai, ta lissafin kuɗi kuma Yaya ne kaɗai ke shiga. Na kuma ɗaure wa sabar lambar IP guda, wato adireshin da kwamfutoci ke nemo ta da shi, a rauta don kada ta canza bayan an ɗauke wuta.

Sauri: wayar kebul mai gigabit tana ba da kimanin 110MB a daƙiƙa. Kwamfuta ɗaya ta tsaya a 11, ashe tsohuwar wayar da aka ja mata tun kafin in zo ce ta maƙale a megabit 100. Aka sa mata wayar Cat6, ta bi sahu. Ta Wi-Fi kuwa babban fayil sai haƙuri.

Sai wuta, wadda ita ce ta fi cin lokacina. A rana guda sai a sauya daga NEPA zuwa janareta a dawo sau da yawa, faifai mai juyawa kuma ba ya son a katse shi yana tsakar rubutu. ZFS tana da juriya a nan, ba ta cika barin rumbu a hargitse ba, amma aikin da ke kan hanya zai iya salwanta, ƙarfen ma yana wahala. UPS dole ne, kuma ba kowanne ba: a nemi mai ramin USB na bayanai, don ya sanar da sabar cewa an koma kan batir. Da yawa daga masu arahar da ke kasuwa ba su da shi. Na tsara idan an yi minti biyar a kan batir ta kashe kanta cikin tsari, wanda ya ishi a tayar da inji idan akwai mutum a shago. A BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, kuma na kunna zaɓin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Rauta da suwic, na'urorin da ke haɗa kwamfutocin da sabar, su ma na jona su a UPS ɗin, in ba haka ba sabar na aiki amma babu mai isa gare ta.

Zafi da ƙura ma ina sa musu ido. Na ɗaga ta daga ƙasa, na sa fanka tana hura faifan kai tsaye, yanzu suna zama ƙasa da digiri 40. Watan Afrilu ne zai gwada mu, ƙurar hunturu kuma sai an riƙa buɗewa ana hurewa.

Yaya na son ya riƙa duba fayil daga gida. Ban buɗe wa sabar ƙofa a intanet ba, kuma ba zan buɗe ba. A 2022 wani bairos mai suna DeadBolt ya kulle akwatunan ajiya na kamfanin QNAP masu yawa waɗanda aka bari a buɗe haka, aka nemi kuɗin fansa. Tailscale nake gwadawa, wadda ke haɗa wayarsa da sabar ta ɓoyayyiyar hanya.

Abin da ya rage shi ne kwafin da zai kwana a wajen shago, saboda gobara ko ɓarawo ba ruwansu da madubi. Tura komai zuwa intanet kuɗin data ba zai bari ba, don haka shirina faifan USB biyu ne: ɗaya na jone ana kwafa, ɗaya na gidan Yaya, a musanya su duk Juma'a. Foldar lissafi ce kaɗai zan tura ta intanet tunda ba ta da nauyi. Wanda a cikinku ya taɓa jona saba kai tsaye a inbata mai sola ba tare da UPS ba, ina son jin yadda ya yi da sanar da ita idan batir ya kusa ƙarewa.