Hurricane ɗina ya shiga mako na shida, ga inda aka kwana

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan koyo irina. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba watsarwa na yi ba, hunturu ne ya tasa mu gaba ni da jirgin duka, ni mura shi ƙura.

Ga waɗanda ba su san farkon zancen ba, Hurricane nake haɗawa, jirgin saman yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, ɗan ƙarami na roba, ma'aunin 1:72, wato duk santimita ɗaya a kan teburina santimita 72 ne a jirgin gaske. Fiffiken na gasken daga wannan baki zuwa wancan ƙafa 40 ne, nawa kuwa da ƙyar ya kai santimita 17, a tafin hannu yake zama. Wani abokina ne ya taho min da kwalin daga tafiya, ya fi wata huɗu a saman durowa ina jin tsoron taɓa shi.

Gangar jikin dai ta haɗu tun mako na biyu, sai dai ta bar tsaga siririya a baya, daga wajen zaman direba har jela. Na samo 'yar fila wajen masu fentin mota a ƙullin leda, na cike da tsinken sakace, washegari na bi da samfefa lamba 600 sannan 1000 da ɗan ruwa. Ku manna samfefar a jikin sandar askirim, ta fi yatsa saiti nesa ba kusa ba.

Sai kuma ɓarnar da na tafka. Gilashin saman direba na ɗauko sufa gulu na ɗiga masa, kai jama'a, kafin in je sallar la'asar in dawo ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Ashe tururin gam ɗin ne yake kama robar mai haske. Da ƙyar na ɓanɓaro shi da reza, na kwana biyu ina murza shi da man goge baki da auduga, ya dawo amma ba kamar da ba, in ka kalle shi ta gefe akwai ɗan hazo. Na ce to ai shi ke nan, dama jirgin Kano ne, hazo ba baƙonsa ba ne. Farin gam na kafintoci za ku sa wa gilashi, yana bushewa garau kuma ko ka yi kuskure ruwa yana cire shi.

Abin da ya fi cin min lokaci shi ne maƙoƙon nan na ƙarƙashin hanci. Duk wanda ya kalli hoton Hurricane na yaƙin sahara zai ga wani kumburi a haɓarsa, matatar iska ce ta kamfanin Vokes, an ƙara masa ita ne saboda injinsa Rolls-Royce Merlin an yi shi ne don iskar Ingila, in ya shaƙi yashi da ƙura nan da nan yake cinyewa. Kwalina na jirgin Ingila ne babu ita a ciki, don haka sai na sassaƙa ta da kaina, na manna ragowar sandunan robar da ake ciro sassan daga jikinsu har guda huɗu, na bari suka kwana, na yi ta fiƙewa. Ta farko ta fito kamar goro, ta biyu ta karkace, ta uku ce na ce Alhamdulillahi.

Wani ya tambaye ni me ya sa na nace sai na sahara, kuma me ya sa ba Spitfire ba tunda shi ya fi suna ya kuma fi kyau. Gaskiya ya fi kyau, ban musa ba. Amma wannan mai ƙusumbin shi ne ya bi ta kan garinmu.

A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Hitila, Faransa kuma ta faɗi, sai Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa ga jiragen ruwan Ingila, ga shi sojansu na Masar suna neman jiragen yaƙi ido rufe, in kuma aka ce a zagaya da su ta ƙasan Afirka ta Kudu tafiyar watanni ce. Sai suka yi dabara, a sa jirgi a akwatin katako a sauke shi a Takoradi, can Gana wadda ake kira Gold Coast a lokacin, a ɗaura shi a nan, sannan ya tashi da fiffikensa, Legas, Kano, Maiduguri, ya ratsa Chadi ta Fort Lamy wato Njamena ta yau, ya shiga Sudan ta Janaina, Fashir, Khartum, ya bi kogin Nilu har Masar. Wajen mil 3,700, kwana shida in an samu lafiya. Ayarin farko ya tashi a watan Satumbar 1940, Blenheim ɗaya mai inji biyu a gaba yana nuna hanya, Hurricane shida a bayansa kamar kaza da 'yan tsaki. Daga nan zuwa 1943 jirage sama da 5,000 ne suka bi hanyar. Kuma da gwamnan Chadi Félix Éboué bai koma bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a watan Agustan 1940 ba da hanyar ta toshe, don Nijar a lokacin tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, ka ga ke nan Damagaram da take nan kusa da mu ba wurin sauka ba ce. Jamusawa ma sun san muhimmancin hanyar, a Janairun 1942 jirginsu guda ɗaya tak ya ƙetaro sahara ya zuba bamabamai a Fort Lamy ya ƙone man jirage da aka tara.

To wannan ne ya sa na zaɓi fentin da na zaɓa. Na farko-farkon da launin Ingila suka zo, kore mai duhu da ruwan ƙasa, launin yashin nan daga baya ne ya yawaita. A wasu tsofaffin hotunan za ku ga an shafa farin fenti a bayan jirgin ta sama har jela, dalili shi ne in ya faɗi a daji 'yan uwansa na sama su iya hango shi. Wallahi ranar da na gane dalilin farin nan sai da jikina ya yi sanyi, ka tashi ka san an riga an yi maka shirin nema. Na sa farin, kuma da gangan ban gyara bakinsa ya miƙe ba.

Fenti a hunturu kuwa jarrabawa ce. Mai ruwa nake amfani da shi, kafin buroshi ya kai daga kwalba zuwa fiffike ya fara kafewa, sai ka ga layi-layi kamar kunyar gona. Abin da ya yi min aiki, in tsinka shi sosai kamar kunu mara kauri in yi shafi huɗu maimakon biyu, in yi aikin bayan sallar asuba kafin iska ta tashi, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, ina gamawa in kifa masa robar abinci. Robar ta uwargida ce, an yi 'yar magana a kai, an wuce wurin.

Ga wani kuskuren kuma, ku kiyaye. Don ya yi kama da wanda ya sha wuya na bi jikinsa da ɗigo-ɗigon fentin azurfa, wai fenti ya ɓare ƙarfe ya fito. Na yi har jela ina ta jin daɗi. Daga baya na tuna ai Hurricane daga bayan direba zuwa jela ba ƙarfe ba ne a waje, ƙashin bututun ƙarfe ne da katako aka lulluɓe da yadi aka shafe shi da wani ruwa mai sa shi ya ɗaure kamar fatar ganga. Yadi kuwa ina zai ɓare ya nuna azurfa irin ta ƙarfe. Haka Sydney Camm ya tsara shi, ya fara tashi a 1935, tsohon yayi ne ko a lokacin, amma shi ya sa yake da sauƙin gyara, harsashi ya huda a sa faci a ci gaba. Na goge, na bar azurfar a hanci da gindin fiffike inda ake takawa kawai.

Yanzu ga abin da ya sa aikin ya canza hanya gaba ɗaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce Hajiyarmu ta leƙo ta gan shi a kan tebur, ta ɗauka tana juyawa ni kuma zuciyata na dukan uku-uku don farfelar ba ta gama kamawa ba. Sai ta ce ai Malam ya yi aikin waɗannan. Malam mahaifinta ke nan, kakana, na taso na same shi tsoho mai sayar da hula ban taɓa jin wannan zancen ba. Ta ce yana saurayi aka kwashe su aikin filin jirgi, sassabe, cike ramuka da marmara a kwando, mirgina duro-duron mai daga mota zuwa gindin jirgi, ta ce ya sha ba su labari yadda ƙarar take sa jakuna su tsinke igiya, da yadda in jirgi ya tayar da inji ƙurar take shiga har cikin tuwonsu. Wansa kuma soja aka ɗauke shi, aka tafi da su Burma, bai dawo ba. Iyakar abin da ta sani ke nan, ko hotonsa babu, ni ne ma aka sa wa sunansa ashe.

Na zauna na daɗe ina kallon kwalin. A ciki akwai mutum ɗaya tak, direba Bature da hularsa. Kuma ba na raina shi, samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, har da 'yan Poland da ƙasarsu ta riga ta faɗi, suna tuƙi a kan dajin da ba su sani ba cikin hazo ko hadarin damina, wasu ba su isa ba. Amma wa ya share filin? Jirgin ƙasa yana kawo mai Kano, amma Maiduguri dogo bai isa can ba sai 1964, duk man da jiragen nan suka sha a can sai da wani ya loda shi wani ya sauke. Ga waɗanda aka tilasta wa haƙar kuza a Jos daga 1942 bayan Japan ta ƙwace Malaya. Ga kuɗin taimakon yaƙi da aka tara a ƙasar nan, har rundunar jirage ta 91 ta sojan saman Ingila ana kiranta da sunan Nijeriya. Su kuma irin wan Malam, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan can Burma, inda mota ba ta shiga mutane ne suke ɗaukar kaya a ka, abincinsu kuma jirgin Dakota ne yake jefo musu ta sama. Muna wuce barikin Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya kullum, sunaye ne daga yaƙin Burma, na Myohaung a Legas ma haka, garin da suka kama ne a Janairun 1945, amma sunayen sun zama na kwatancen inda za a sauke ka a mota kawai.

Don haka jirgin ba zai zauna shi kaɗai a kan katako ba kamar yadda na yi niyya. Fili zan yi masa. Na yanko falanki santimita 25 kowane gefe, na shafe da farin gam, na tankaɗa jar ƙasa ta gaske da rariyar shayi, daga bakin hanyar filin jirgin na ɗebo ta a leda, mai adaidaita sahun da ya kai ni yana ta kallona. Ku soya ƙasar a tsohuwar tukunya ta bushe kafin ku tankaɗe, in ba haka ba tana dunƙulewa. Duron mai a wannan ma'aunin tsawonsa santimita 1.2 ne faɗinsa kamar milimita 8, bututun biro ya yi daidai sai ka ce don shi aka yi, na yanka guda tara na toshe bakinsu da kwali, na naɗa zaren ɗinki zagaye biyu a jiki don zobban nan na jikin duro.

Mutanen ne suka gagare ni har yanzu. Mutum a 1:72 bai wuce santimita biyu da rabi ba. Na murɗa ƙashin da wayar cikin tsohuwar caja, na lulluɓe da takardar tishu da gam don 'yar shara da gajeren wando, na farkon ya fito kamar fara, na biyu kansa ya fi duro girma. Hular ce ma ta fi sauƙi, ɗigon fila ɗaya. Guda huɗu nake so, biyu suna mirgina duro, ɗaya da kwando a ka, ɗaya a tsaye ya kare ido da hannu yana kallon gabas, wannan Hajiya ta ce in yi shi dogo siriri don haka Malam yake.

Saura tambarin fiffike, sai na sa masa shafin ƙyalli tukuna don kar iska ta maƙale a ƙarƙashi ya yi fari-fari, sai tankunan ƙarin mai guda biyu na ƙarƙashin fiffike da ban ma fara ba. In akwai wanda ya taɓa yin hannun mutum a wannan ƙanƙantar don Allah ya faɗa min da me ya yi, nawa duk kamar cokali suke fitowa.