Cikin dajin Simoki, ido a ƙasa

Daga garin Gatlinburg da ke jihar Tenesi a Amurka muka kama hanyar da ta ratsa gandun dajin tsaunukan Simoki, a ƙarshen watan Oktoba, ganye na ta zuba. An kafa gandun a 1934, ya haɗa yankin Tenesi da na Karolina ta Arewa, kuma nau'in itatuwan da suke 'yan asalin wurin ya haura 100. Abokin tafiyata karatun gandun daji yake yi, ni kuwa ɗan rakiya ne mai yawan tambaya.

Mun ajiye mota a wurin shaƙatawa na Chimneys, muka shiga wata 'yar hanyar ƙafa da ta zagaya cikin kwari. Itatuwan sun yi tsawon da sai ka ɗaga kai har wuya ya ƙage kafin ka hango ganyensu. Na ce to ta ina za a gane su? Ya ce, "Malam, sauke kanka. Duba ƙaramin reshen da ke kusa da kai tukuna."

Abin da ake fara dubawa shi ne yadda ganye ko toho ya zauna a jikin reshe. A wasu itatuwan biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna: mapul, ash da bakai duk haka suke. A wasu kuwa ɗaya a nan, ɗaya can gaba a wancan gefen, kamar ok, hikori, walnat da bich. Wannan dubawar kaɗai ta raba dajin gida biyu, kuma tana aiki ko da ganye ya kaɗe, domin toho da tabon da ganyen ya bari suna nan.

Kwarin cike yake da mapul mai zaƙin ruwa, mai ganye kamar tafin hannu, da kuma bakai mai ƙananan ganye biyar da suka fito daga wuri guda. Ƙwallon bakai ja ne mai duhu, yana sheƙi, ga kyau, amma yana da guba. Wanda ya fi burge ni shi ne itacen tulib. Gangar jikinsa a miƙe take sambal, ba reshe sai can sama, ganyensa kuma kai ka ce an datse bakinsa da almakashi. Tohonsa a baje yake tamkar bakin agwagwa; wanda ya gan shi sau ɗaya ya gama.

Bich ba ya wahalar da kowa. Ɓawonsa toka-toka ne mai santsi komai tsufansa, tohonsa siriri, dogo, mai tsini, ƙwayarsa kuma mai kusurwa uku ce a cikin kwasfa mai ƙaya-ƙaya. Santsin nan ne ya ja masa: wasu sun bi shi da wuƙa sun zana sunayensu, kuma tabon ba ya gogewa. Ban ga abin burgewa a wannan ba.

Ok da hikori sun fi son gangare mai bushewa da rana, don haka muka nufi Cades Cove, wani fili mai faɗi da tsaunuka suka kewaye, inda manoma suka zauna kafin a mai da yankin gandu. A nan ne na ga amfanin sunkuyawa a duba ganye da ƙwallon da suka zubo ƙasa. Ganyen farin ok yana da kunnuwa masu zagaye, na jan ok kuwa kowane kunne da ɗan tsini a bakinsa. Bambancin bai tsaya a ganye ba. Ƙwallon farin ok yana nuna cikin shekara guda, baurinsa kaɗan ne, yana faɗuwa ya fara tsira. Na jan ok sai ya yi shekara biyu a kan itace, ga bauri, sai bayan sanyi ya wuce yake tsira. Dukansu tohonsu a cunkushe yake a ƙarshen reshe.

Sai dai ƙasa ma tana ruɗi. Iska na kwaso ganyen wannan ta zuba a gindin wancan, kurege kuma na jigilar ƙwallo. Abokina ba ya yanke hukunci sai alamu biyu ko uku sun yarda da juna, kuma ina ganin gaskiyarsa. Ɓawo shi kaɗai ma ba abin dogaro ba ne, don na ƙaramin itace ya sha bamban da na tsoho. Hikori mai saɓa ne kawai za ka gane daga nesa, saboda ɓawonsa na ɗagowa dogo-dogo yana lanƙwashewa. Kwasfar ƙwallonsa tana tsagewa gida huɗu. Ta baƙin walnat ba ta tsagewa ko kaɗan, ruɓewa take yi, kuma duk wanda ya ɓare ta da hannu zai kwana biyu da baƙin yatsu. In ka tsaga busasshen tsinken walnat a tsaye, za ka ga cikinsa ɗaki-ɗaki.

A kan wani tudu ya tsayar da ni gaban wasu 'yan tsirrai da suka fito daga tsohuwar saiwa, ganyensu dogo mai haƙora kamar zarto. Cesnat ɗin Amurka ke nan. Da can yana cikin manyan itatuwan tsaunukan nan, mutane na gini da shinge da katakonsa. A 1904 aka gano wata cutar fangas, wato dangin fumfuna, a birnin New York, wadda ta shigo da itatuwan da aka kawo daga Asiya, cikin kimanin shekara 50 ta kashe biliyoyinsu. Cutar ba ta kashe saiwa, shi ya sa yake ta sake tohowa, ya ɗan tasa, ɓawon ya tsage ya koma launin ruwan lemo, ya bushe, yawanci tun bai kai ga yin 'ya'ya ba. Na tambaye shi ko akwai magani. Ya ce masu bincike na ta haɗa shi aure da cesnat ɗin Sin, wanda ke jure cutar, kuma har yanzu ana kan aikin.