Farashi biyu a ƙasar Sin: inda gyaran kasuwa ya taɓa siyasa

Masu nazarin gyaran tattalin arzikin Sin sukan maƙale a 1978 da aka fara gyaran, ko a 2001 da ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Darasin da ya fi nauyi yana tsakiyar shekarun 1980, a tsarin farashi biyu.

Ga yadda yake. Masana'antar gwamnati, a ce ta ƙarfe ko ta siminti, ana yanka mata kason da za ta miƙa a farashin hukuma. Abin da ta samar bayan wannan kaso, ta kai kasuwa ta sayar yadda ciniki ya kama. Dabara ce mai kyau, domin kaya sun ƙaru ba tare da an rushe tsohon tsari dare ɗaya ba.

Sai dai tan ɗaya na ƙarfe ya zama yana da kuɗi biyu, takardar izinin karɓar kaya a farashin hukuma kuma ta zama haja. Jami'in da hatimi ke hannunsa, ko ɗansa, zai karɓi kaya a farashin hukuma ya sayar da takardar, wani lokaci ta yi ta yawo hannu zuwa hannu ƙarfen bai ma motsa daga sito ba. Sinawa na kiran wannan guandao. Duk wanda ya ga yadda aka ci ribar tazarar dala tsakanin banki da kasuwar bayan fage a Najeriya ya san wannan ciwo.

A 1988 shugabanni suka yi niyyar sakin farashi gaba ɗaya. Labari na fita, mutane suka yi dafifi a bankuna suna kwashe ajiyarsu, suna sayen gishiri, sabulu, ashana, duk abin da ido ya gani. Hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin 100, gwamnati ta ja da baya. Tsadar rayuwa da guandao na cikin manyan koke-koken da suka fito da jama'a Dandalin Tiananmen da ke Beijing a 1989, kafin soja su murƙushe su a watan Yuni.

Bayan 1992 aka saki yawancin farashin kaya, amma tazarar ba ta mutu ba, filaye ta koma. Gyaran haraji na 1994 ya ƙara wa gwamnatin tsakiya kaso, ya bar ƙananan hukumomi da nauyin makarantu da asibitoci. Sai suka shiga karɓar gonaki da diyya kaɗan suna bai wa masu gine-gine haya da tsada. A kan haka ne mutanen ƙauyen Wukan a lardin Guangdong suka kori jami'ansu a 2011.