Yau An Sa Sunana a Jerin Masu Girki

Lahadi da dare, Yamai.

Yara sun yi barci, an ɗauke wuta, ina rubutu da hasken waya don kada abin da ke raina ya huce kafin safiya.

Wata biyar ke nan da muka baro Galmi. Can kowa ya san ƴar wa ce ni. Kakana ya yi aiki a asibitin mishan da aka buɗe a 1950, a majami'ar garin aka yi mini baftisma, a nan aka ɗaura mini aure. Da na zo Yamai sai na koma baƙuwa. Maƙwabtana Zabarmawa ne, mutanen kirki, amma daga "fofo" sai murmushi, magana ta ƙare. Maigida direba ne, yakan yi sati biyu a hanya. Akwai daren da na zauna bakin ƙofa na yi kuka ba tare da wani ya taɓa ni ba.

Da safe mun makara zuwa majami'a, don sai da muka daɗe a bakin titi kafin mu samu taksi. Mun tarar an fara waƙa. Matan zumunta na kaɗa tulu da caki, irin kiɗan da na tashi da shi, har na ji ƙirjina ya buɗe. Fasto ya yi wa'azi da Faransanci, wani dattijo yana mayarwa da Hausa, daga Afisawa sura 2 aya 19, inda Bulus ke ce wa mutanen Afisa su ba baƙi ba ne kuma, iyalin gidan Allah ne. Na sha jin ayar nan tun ina ƙarama. Yau ce ta zauna mini.

Bayan an tashi, tsohuwar da kowa ke kira Inna ta riƙo hannuna. Ita ce ta zo gidana a watan Agusta lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ƙaramin ɗana. Ban gaya wa kowa ba, rashin ganina Lahadi biyu ne ya sa ta yi ta tambaya har ta gano gidan. Ta zo da kwanon dambu da zogale, ta tusa mini jika biyu a ƙarƙashin matashi, ta kwana tana goga wa yaron tsumma mai sanyi ni kuma ta ce in runtsa. Hannunta duk kanta, yatsa ɗaya a lanƙwashe, amma da ta dafa goshinsa sai ya yi shiru.

Yau ta ja ni bayan majami'a inda mata ke zama ƙarƙashin dogon yaro. Ta nuna mini wani benci na ƙarfe da ya karkace, baƙin wuta bai gama fita daga jikinsa ba. Ta ce shi kaɗai suka tsamo a watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Ta ce maƙwabcinsu, Musulmi, shi ya ɓoye ta da jikokinta a ɗakin matarsa har ƙura ta lafa, kuma har yau in an yi Sallah naman layyarsu na farko gidanta yake zuwa. Ranar Lahadin da ta biyo baya a cikin toka suka yi sujada. Ba ta faɗa da ɗaci ba. Ni dai na shafa bencin, na ji ƙarfen da zafin rana.

Sai shugabar zumunta ta buɗe littafinta tana karanta waɗanda za su yi girkin taron mata na Asabar mai zuwa. Ina sauraro kamar abin bai shafe ni ba, sai na ji sunana. Na ɗaga kai. Ta ce, "Ke ce fa. Ba ƴar Galmi ba ce? Albasa a hannunki take, miya taki ce." Mata suka yi dariya, wata ta ce in zo da wuƙata don tasu ta dakushe.

Wata biyar ana yi mini sannu da zuwa, ana ba ni wuri a gaba, ana zuba mini abinci. Na gode, Allah ya sani. Amma baƙo ake yi wa haka. Yau aka ɗora mini aiki ba tare da an tambaye ni ko zan iya ba, kamar yadda uwa ke aiken ƴarta. Na ce, "To, Mama," muryata na rawa.

Na kira maigida na gaya masa, yana Gaya yana jiran a sauke kaya. Ya ce ya daɗe bai ji ina dariya haka ba. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar Katako in duba albasa, ta gida nake so, mai jan ɓawon nan.