"Saura Kaɗan, Oga"

Kamfanina ƙarami ne, mu bakwai ne har da ni. Aikinmu jan wayoyin intanet da ɗaura kyamarorin tsaro a ofisoshi da ɗakunan ajiyar kaya. A bangon ofishina akwai faffaɗan allo da nake zana jadawalin kowane aiki a kai, irin zanen nan mai sanduna a kwance da ake dangantawa da Henry Gantt, injiniyan Amurka da ya yaɗa shi shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Zanen na da kyau a ido, duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. Sai dai tun da na kama sana'ar nan ban taɓa ganin aikin da ya yi wa sandunan nan biyayya ba. Abin da ke gaya mini gaskiya wata 'yar takarda ce da na manna a ƙasan allon, cike da dokokin barkwanci, wasu na masana, wasu ni na ƙago su bayan na sha wuya.

Ta farko ta samo asali ne daga bakin babban ma'aikacina. Duk lokacin da na kira shi na ce, "Malam, ina aka kwana?" amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan, Oga." Kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da idonsa ya gani yake faɗa. Wani masanin kwamfuta mai suna Tom Cargill, na ɗakin binciken Bell Labs, ya riga ya yi wa wannan ciwo suna, aka kuma yaɗa maganarsa a 1985: kashi 90 na farkon aiki yana cin kashi 90 na lokaci, ragowar kashi 10 ɗin kuma ya ci wani kashi 90 ɗin. Ka haɗa lissafin, 180 ke nan. Da na fara jin maganar dariya na yi. Daga baya wata kyamara guda ɗaya ta hana ni dariyar.

Ɗakin ajiyar kaya ne, kyamara 24. Cikin kwana shida 23 suka hau, hoto tas. Ta ƙarshe tana can ƙofar baya. Da rana tana aiki lafiya lau, da zarar duhu ya shiga sai ta ɗauke. Muka canza kyamara, muka canza kan waya, muka zargi na'urar da ke naɗar hoto, har aljanu wani yaro ya ambata. Ashe wayar tagulla irin wadda muke ja tana da iyaka, mita 100, tamu kuwa ta zarce saboda zagayen da muka yi wa wani ginshiƙi. Ta wayar nan kyamarar ke shan wuta, to da dare in fitilunta na gani a duhu suka kunna, wutar da ke isowa ba ta wadatar da ita. Maganin shi ne a sa na'urar rarraba layi a tsakiyar hanya. Na'urar na buƙatar soket, soket na buƙatar mai gyaran wuta, mai gyaran wuta kuma da na kira shi cewa ya yi yana wani aiki, amma saura kaɗan. Kwana bakwai kyamara ɗaya ta ci mana, ta ɗara sauran 'yan'uwanta 23 gaba ɗaya.

Doka ta biyu ita ce ta fi ci mini kuɗi. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na yarda, amma ba a ce a kira ƙarin hannu bayan an ɗaga jinkar sama ba. Wani aikin ofis ya makara mana, mai aikin yana ta buga waya, sai na ɗebo mutum huɗu 'yan wucin gadi don a yi sauri. Washegari na je na tarar da babban ma'aikacina, wanda shi ne ya fi kowa saurin hannu, a tsaye ƙasa yana bayani, ba ya taɓa komai. Tsani biyu gare mu, mutum goma sha ɗaya na layi a kansu. Sababbin kuma sun sa wa wayoyi lamba da nasu tsarin, sai da muka kwana biyu muna bin waya ɗaya bayan ɗaya muna neman kanta da wutsiyarta. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi. Dalilinsa lissafi ne mai sauƙi: mutum bakwai, in kowa zai yi magana da kowa, hanyoyin magana 21 ne, mutum goma sha ɗaya kuwa 55. Shi ne kuma mai misalin nan cewa ciki wata tara yake ɗauka komai yawan matan da aka ba aikin.

To a ba aiki isasshen lokaci mana, in ji mai karatu. Nan ma akwai mai jiran ka. Cyril Northcote Parkinson, masanin tarihi ɗan Birtaniya, ya rubuta a mujallar The Economist a 1955 cewa aiki yana buɗewa ne ya cike duk lokacin da aka ware masa. Hujjarsa ma abin dariya ce: tsakanin 1914 da 1928 manyan jiragen ruwan yaƙin Birtaniya sun ragu daga 62 zuwa 20, amma jami'an ma'aikatar da ke kula da su sun ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. A ɗaya gefen kuma ga wani masani ɗan Amurka, Douglas Hofstadter, da tasa dokar ta 1979: aiki kullum yana wuce lokacin da ka zata, ko da ka sa wannan dokar a lissafi. Ka matse lokaci aiki ya zarce, ka sake shi aiki ya miƙe ƙafa. Gaba kura, baya sayaki.

Dabarar da na ɓullo da ita ita ce kowane aiki ya sami ranar gamawa uku: wadda nake gaya wa ma'aikata, wadda nake gaya wa mai aiki, da wadda na bar wa zuciyata. Ta yi mini aiki na 'yan watanni. Sai yaran suka gano. Yanzu in na ce Laraba, sun san Asabar nake nufi. Ni kuma da na san sun sani sai in ce Litinin. Su kuma sun san na san sun sani. Wani lokacin ni kaina sai na duba takardar yarjejeniya kafin in tuna ranar gaskiya.

Akwai wata dokar Parkinson ɗin da ba na faɗa da ita, amfani nake yi da ita. Ya kwatanta kwamitin da ya amince da gina tashar nukiliya cikin minti biyu da rabi, saboda babu wanda ya fahimce ta balle ya yi gardama, sannan ya ɓata minti 45 a kan rumfar ajiye kekuna, abin da kowa ke da ra'ayi a kai. Na ga wannan da idona. A wani taro na kawo batun kwana nawa za a riƙa ajiye hoto kafin ya goge, wanda shi ne zai yanke girman na'urar da za a saya. Shiru, sai gyaɗa kai. Da aka zo kan launin robar da ke rufe waya a jikin bango, fara ko ruwan toka, sai ɗaki ya kaure, har wanda bai ce uffan ba tun safe ya miƙe tsaye. Tun daga ranar, duk takardar da zan kai wa kwamiti sai na bar musu ƙaramin abu guda a buɗe da gangan. Su yi ta dambe a kansa, a sa mini hannu a kan sauran. Allah Ya yafe mini.

Nawa dokokin gajeru ne. Dokar makulli: ɗakin da ka fi buƙatar shiga, mai makullinsa ya fita yanzun nan. Dokar "tunda kuna nan": babu jimlar da ta fi ta tsada a sana'armu. "Tunda kuna nan, ku ɗan ƙara mana layi ɗaya a ofishin Yallaɓai." Kalmar "ɗan" ɗin nan na iya zama fasa bango biyu. Yanzu murmushi nake yi in ce, "Ranka ya daɗe, ba matsala, bari in rubuta," in zaro takarda da biro. Rabin buƙatun a nan suke mutuwa.

In abin ya ishe ni, manya nake tunawa in sami sauƙi. Gidan wasan opera na birnin Sidni an fara shi a 1959 da niyyar gamawa a 1963 kan dalar Ostireliya miliyan 7. Sai 1973 aka buɗe shi, bayan ya lashe miliyan 102. Sabon filin jirgin saman Balin a Jamus an shirya buɗe shi a 2011, bai buɗe ba sai Oktoban 2020, kuma tsarin kariya daga gobara na cikin manyan abubuwan da suka riƙe shi. Su ma suna da allo mai sanduna, nasu ma ya fi nawa kyau.

Layin ƙarshe a takardar ba rubutuna ba ne. Akantarmu ce ta ƙara shi wata rana da ba na nan. Ta ci karo da ƙa'idar wani marubuci, Laurence Peter, ta 1969, wadda ta ce ana yi wa ma'aikaci ƙarin girma har sai ya kai matsayin da ba zai iya ba, a nan kuma yake tabbata. A ƙarƙashinta ta jera ayyuka biyar na baya, kusa da kowanne ta rubuta yawan kwanakin da odar kaya ta yi a kan teburina tana jiran sa hannu. Na haɗa lissafin, kwana 19. Na ce, "Hajiya, wannan kuma fa?" Ta ce, "Oga, ai da kana jan waya babu mai kama ƙafarka." Ban goge layin ba, kalandar bango kawai na ɗan matso da ita ta rufe wurin. Da safe na tarar an mayar da kalandar inda take.