Ranar da na rubuta Ibrananci daga wutsiya zuwa kai

Asabar ɗin da ta wuce na leƙa ɗakin ɗan ƙanwata, na same shi ya duƙufa a kan laftof yana haɗa kundin digirinsa na biyu da LaTeX, manhajar tsara rubutu don bugawa. Hausa yake kwatantawa da Ibrananci, tunda gida ɗaya muka fito, babban dangin harsunan Afro-Asiya. Wanda ya ji "mutu" namu ya ji "mut" nasu ya san akwai zumunci. Na tsaya a bayansa ina kallo. Kalmar shalom yake son rubutawa, sai na ga ya fara buga harafin mem, sannan vav, sannan lamed, ya rufe da shin, wato ya faro daga harafin ƙarshe, alhali Ibrananci daga dama ake rubuta shi, shin ne farko.

Na ce, "Kai, me kake yi haka?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Kawu, in na buga daidai juyewa take yi a PDF, shi ya sa nake juya ta tun daga nan."

Gabana ya faɗi, domin wannan dabarar tawa ce. A 2009 na karɓi aikin tsara wa wani malami kundinsa, mai cike da misalan Ibrananci, ni kuwa ko harafi ɗaya cikin 22 ɗin nan ban sani ba. Da pdfLaTeX nake aiki, wato injin da ke mayar da fayil ɗin LaTeX zuwa PDF. Na samo haruffan, na buga, suka fito a jere daga hagu kamar boko. Maimakon in tambayi dalili, sai na ce ai abu mai sauƙi ne, in juya kowace kalma da hannuna. Na yi ta juyawa har makonni, ina jin kaina gwani.

A yi mini adalci dai. Lokacin sai mutum ya je kafe ya biya kuɗin awa kafin ya ga intanet, wuta kuma sai ta ga dama. Ba ni da wanda zan tambaya, malamin yana matsa mini lamba, kuma kalma ɗaya-ɗaya a tsakiyar jimlar Turanci tana fitowa tsaf, babu mai ganewa. Ko yau aka mayar da ni wancan ɗakin, ba zan iya rantsuwa cewa ba zan sake ba. Amma kuma ƙarya nake wa kaina. Tun 1987 Donald Knuth, mai TeX ɗin kansa, wato tushen da aka gina LaTeX a kai, shi da Pierre MacKay suka fitar da hanyar cuɗa rubutun dama da na hagu. XeTeX na Jonathan Kew, wani injin TeX da ya iya rubutun dama, ya fito tun 2004. Maganin yana nan, girman kai ya hana ni nema. Abin kunyar ma, ni da na yi karatun allo, na san alƙalami daga dama yake tashi, ban taɓa ganin an fara rubuta kalmar ajami daga harafinta na ƙarshe ba.

Asirina ya tonu ne a dogayen jimloli. In ka juya jimla da hannu, kalmar ƙarshe ce kwamfuta take ɗauka a matsayin ta farko. Muddin jimlar ta tsaya a layi ɗaya, lafiya lau. Ranar da malamin ya ƙara sakin layi guda a babi na biyu, rubutu ya motsa, jimlolin suka karye biyu, sai ƙarshen magana ya hau layin sama, farkonta ya koma ƙasa. A wani wuri ma har shekara na juya, 1948 ta koma 8491, don ban san lambobi daga hagu ake karanta su a Ibrananci ba, kamar dai a Larabci. Ɗigon wasulla, da suke kira niƙud, wasu suka zame suka zauna ƙarƙashin harafin maƙwabci. Mai jarrabawa daga waje ya zagaye su da jan biro shafi bayan shafi. Malamin bai zage ni ba. Ajiye mini kundin ya yi a kan tebur ya ce, "Malam, duba mini wannan." Da ma zagin ya yi.

Da na koma XeLaTeX, wato LaTeX a kan injin XeTeX, don in gyara, sai ta yi aikinta na gaskiya, ta juya abin da na riga na juya. Komai ya koma baibai. Kalma ɗaya-ɗaya na sake bugawa, kyauta.

Na zauna da niyyar in ba yaron nan shawara goma, abin da ya fito bai kai haka ba. Ka buga kalma yadda bakinka yake furta ta, shin kafin mem, juyawa aikin na'ura ne. Ka bar pdfLaTeX, ka ɗauki XeLaTeX da ƙunshin harsuna na polyglossia, ko injin LuaLaTeX da ƙunshin babel, ka sa kowace kalma cikin umarnin Ibrananci don ta san inda ta dosa. Ka nemo salon haruffa, wato font, da ya san wasali, irin SBL Hebrew ko Ezra SIL. In ƙunshin bidi, mai kula da rubutun dama da na hagu, kake lodawa da kanka, ka bar shi can ƙarshe, bayan sauran, in ba haka ba zai yi maka gardama. Kuma ka karanta littafin bayaninsa tun daga farko. Ko da yake ni da na karanta, kwana uku na ɓata ban fahimci rabinsa ba, don haka kar ka kashe kanka a kai. Yini ɗaya ka ware ka haddace haruffan, ya fi maka. Biyar daga ciki, kaf, mem, nun, pe da tsadi, suna sauya siffa a ƙarshen kalma, kuma wanda ya san haka, da ya ga mem mai rufaffen ciki a farkon kalma ya san an yi ɓarna.

Abin da ke ƙona mini rai, yaran yanzu komai na aljihunsu. Abin da na biya kuɗin awa ban samu ba, shi yana kwance a katifa zai same shi cikin minti biyu, amma sai ya kwafo saitin wani daga intanet ya liƙa, bai san me layi ɗaya yake yi ba. In ya ƙi aiki ya kwafo wani ya ɗora a kai. Kana magana yana latsa waya.

Na gama bayanina, ya ce, "To Kawu, amma kalmomin nawa ba su fi arba'in ba, kuma jibi zan miƙa."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna haka na ce a 2009. Na jawo kujera na ce ya matsa, ya buɗe mini fayil ɗin tun daga layin farko.